Gubar da ke Kwance a Ƙarƙashin Ruwa

  

Yau maganarmu a kan laka ce, watau taɓon nan da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Kowa ya san in aka ɗebo ruwan kududdufi da damina aka zuba a randa, kafin gari ya waye sai a ga ya kwanta. Sama ya yi garau, ƙasa kuwa laka ta taru. Sai uwargida ta tsiyaye na sama, ta zubar da na ƙasa. To, abin da ke faruwa a randa shi ke faruwa a kogi, da tafki, da bakin teku. Bambancin kawai shi ne, a can babu uwargidan da za ta zubar da na ƙasan. Yana nan kwance shekara da shekaru. In kuwa akwai guba cikin ruwan da ya kawo shi, to, gubar ma tana nan kwance tare da shi.

Inda laka ta fi taruwa

Kogi yana ɗauke da ƙasa muddin yana gudu. Yashi yana da nauyi, shi ya sa ya kan faɗi da wuri. Amma laka mai laushi, wadda in ka murza ta a yatsa za ka ji kamar gari, ita ta kan yi tafiya mai nisa, ba ta kwantawa sai inda ruwa ya yi sanyin gudu. Babu kuwa inda ruwa ke sanyin gudu kamar wurin da kogi ya shiga teku. A nan ruwan daɗi ke gamuwa da ruwan gishiri, gishirin kuwa ya kan sa ƙwayoyin laka su manne da juna, su yi nauyi, su nutse.

A irin waɗannan wurare ne mutane suka fi son kafa tashar jiragen ruwa, domin igiyar teku ba ta da ƙarfi a ciki. Inda aka yi tasha kuwa sai gari ya kafu, inda gari ya kafu sai masana'antu su biyo. Waɗanda suka taɓa zuwa Ikko ko Fatakwal ko Tema neman abinci sun ga haka da idonsu. Duk ruwan ƙazanta na gari da na masana'antu can ya ke gangarawa. Guba irin ta ƙarfe, kamar su zaiba da dalma, ba ta cika zama cikin ruwa ba. Ta kan liƙe wa lakar nan mai laushi, su nutse tare. Saboda haka sai a auna ruwan sama a ga ba laifi, alhali kuwa masifar tana ƙasa.

Abin da ya sami mutanen Minamata

Bari in ba ku labarin wani gari, don ku ga yadda abin ya ke. Sunan garin Minamata, yana kudancin ƙasar Japan, a lardin Kumamoto, a bakin wani lungu na teku. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi masunta ne. Kifi ne abincinsu safe da yamma, kamar yadda tuwo ya ke a wurinmu.

A garin akwai babbar masana'anta ta wani kamfani mai suna Chisso, wadda ta fara da yin takin zamani. A shekarar 1932 ta soma yin wani ruwan sinadari da a ke haɗa roba da shi, kuma da zaiba a ke wannan aiki. Zaiba ita ce farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa, wanda ku ke gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Ruwan da aka gama aiki da shi sai a sake shi ta lambatu ya shiga tashar jiragen garin, ba tare da an cire gubar ba.

Dabbobi ne suka fara nunawa. Mutane suka riƙa ganin kifi yana tasowa saman ruwa matacce. Hankaki ya faɗo daga sama. Kyanwoyin masunta, masu cin ragowar kifi, suka riƙa tangaɗi suna juyi kamar masu bori, waɗansu har su faɗa teku su mutu. Mutane suka yi ta mamaki, amma ba wanda ya gane abin da ke tafe. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Cikin watan Afrilu na 1956 aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin. Ba ta iya tafiya sosai, maganarta ta karye, tana kuma shiɗewa. Bayan kwana biyu aka kawo ƙanwarta da irin wannan ciwo. Ran 1 ga watan Mayu, 1956, shugaban asibitin, Likita Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya cewa wata cuta da ba a sani ba ta ɓulla, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Da fari an zaci annoba ce mai yaɗuwa. Aka keɓe marasa lafiya, aka fesa wa gidajensu magani, maƙwabta suka guje su. Wannan kuskure ne babba, ya kuma ƙara wa bayin Allah baƙin ciki a kan ciwo. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Abinci ɗaya su ke ci, shi ya sa ta kama su gida gida.

Ga alamunta. Hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, leɓe ma haka. Mutum ya kasa sa maɓalli ko ɗaukar ƙaramin abu. Ganinsa ya ƙuntata, ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara, yana ganin gabansa amma ba ya ganin gefe. Ji ya ragu, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi. Wanda abin ya yi wa tsanani sai shiɗewa, sai fita hankali, sai mutuwa. Abin da ya fi ban tausayi shi ne na jarirai. Mace mai ciki ta ci kifin, ita ba ta ji kome sosai ba, amma gubar ta ratsa ta mahaifa ta sauka a ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Sai a haife shi, ya girma bai iya tafiya ba, bai iya magana ba.

A 1959 likitocin Jami'ar Kumamoto suka bayyana cewa zaiba ce. Da suka auna lakar bakin lambatun masana'antar, sai suka sami wajen kilo 2 na zaiba cikin kowane tan ɗaya na laka. A wannan shekara kuma Likita Hosokawa ya ba wata kyanwa abinci gauraye da ruwan masana'antar, ta kamu da cutar sak. Kamfanin ya ɓoye wannan sakamako. Tun a 1958 ma sun karkatar da lambatunsu zuwa bakin kogin garin, watau maimakon a toshe gubar sai aka kai ta sabon wuri, mutanen waɗansu ƙauyuka su ma suka kamu. A ƙarshen 1959 kamfanin ya kafa wani injin tace ruwa, aka yi biki. Injin yana sa ruwa ya yi haske, amma ba ya cire gubar da ke kashe mutane. Ku riƙe wannan da kyau. Hasken ruwa ba shi ne lafiyarsa ba.

Ba a daina wannan aiki a masana'antar ba sai cikin 1968, bayan shekara 36 ana zubawa. A watan Satumba na wannan shekara ne gwamnatin Japan ta tabbatar a hukumance cewa ruwan masana'antar ne sanadin cutar, shekara 12 ke nan bayan rahoton farko. Mutanen da hukuma ta tabbatar sun kamu a wannan yanki sun wuce 2,200, waɗansu dubbai masu yawa kuma an biya su kuɗin magani da na taimako. A 2004 kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasa da ta lardi su ma suna da laifi, don ba su hana abin da wuri ba.

Yadda guba ke fitowa daga laka

Wani zai ce, to, ai tun da an daina zubawa, shi ke nan magana ta ƙare. Ina! Zaiba ba ta ruɓewa kamar kashin shanu, ba ta kuma ƙonewa ta ƙare kamar itace. Wadda aka zuba tana nan cikin laka. A cikin lakar kuwa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu zama inda babu iska. Su ne ke juya zaibar ta koma wani iri mai saurin shiga jikin mai rai. Irin wannan ne ya halaka mutanen Minamata. Masana'antar ta zubo shi kai tsaye, laka kuma tana iya ci gaba da haifar da shi sannu sannu.

Daga nan sai tsutsar ƙasan ruwa da kaguwa su ci laka. Ƙaramin kifi ya ci tsutsa ɗari. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗari. Gubar kuwa in ta shiga tsoka ba ta saurin fita, sai ta yi ta taruwa. Saboda haka kowane mai ci ya fi wanda ya cinye yawan guba, har abin ya iso kan mutum, wanda shi ke cin babban kifin. Wanki ba ya fid da ita. Dafuwa ba ta fid da ita, haka suya, haka banda, haka shanya a rana. Kifin kuma ba ya wari, ba ya canja ɗanɗano.

Yadda aka yi da lakar

Masana wannan aiki suna da hanya uku. Ta fari ita ce yasa, watau a kwashe lakar kamar yadda mu ke yasar rijiya. Ta biyu ita ce rufewa, a bar lakar inda ta ke, a zuba mata yashi mai tsabta da tsakuwa a kai mai kauri, don kada tsutsa da kifi su kai gare ta. Ta uku ita ce a hana kamun kifi a wurin, a riƙa aunawa shekara shekara, a jira sabuwar laka mai tsabta da kogi ke kawowa ta binne tsohuwar.

Kowace tana da wahalarta. Mai yasa yana dama ruwa, gubar da ta kwanta sai ta tashi ta bazu. Ga kuma tambayar inda za a kai abin da aka kwaso. Rufewa ba ta yiwuwa a hanyar jirgi, gama jirgi yana son zurfi, kuma ambaliya ko ƙugiyar jirgi tana iya yaye murfin. Jira kuwa yana cin shekaru, masunci kuma ba ya iya jiran shekaru da yunwa. Amma duka ukun sun taru a kan sharaɗi ɗaya: sai an fara toshe inda gubar ke fitowa. Wanda ya yashe rijiya alhali salga tana tsiyaya cikinta, aikin banza ya yi.

Mutanen Minamata sun haɗa hanyoyin ne. A 1974 aka gitta wata doguwar raga a bakin lungun tekun, daga sama har ƙasa, don kifin ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga. Masunta suka riƙa kama na ciki, ana saye daga hannunsu, ana zubawa a ganguna ana binnewa. Ku duba hikimar da ke nan. Da an ce musu kawai kada su kama, da waɗansu sun kama a ɓoye sun kai kasuwa.

A 1977 aka fara aikin lakar. Nan da nan waɗansu mutanen garin suka kai ƙara kotu, suna tsoron kada yasar ta tayar da gubar ta jawo sabuwar cuta. Tsoronsu kuwa yana kan hanya. Aka tsai da aiki har 1980, sa'an nan aka ci gaba, ana auna ruwa da kifi a kai a kai.

Ga yadda suka yi. Da fari suka auna ƙasan tekun wuri wuri, suka yanka ƙa'ida: duk inda zaiba ta kai giram 25 cikin tan ɗaya na laka, sai an yi aikinsa. Sa'an nan suka kafa katangar ƙarfe cikin ruwa, suka kewaye ɓangaren da ya fi guba, na kusa da bakin lambatu. Wannan ba su taɓa shi ba, don motsa shi ya fi barinsa haɗari. Sauran wuraren kuwa ba da cebur ko guga aka kwashe ba. Injin zuƙa aka sa, mai tsotse laka ta cikin bututu ba tare da dama ruwa sosai ba, yana juye ta bayan katangar. Da aka gama sai aka shimfiɗa mata wani abu kamar tamfol, aka bi da ƙasa mai tsabta, aka rufe ruf.

Lakar da aka killace ta kai mita miliyan ɗaya da rabi, ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi. In tifa ɗaya tana ɗaukar mita 10, lodi 150,000 ke nan. Wurin da aka cike ya zama sabuwar ƙasa mai faɗin kadada 58, watau wajen eka 140. An gama a 1990, an kashe yen miliyan dubu 48 da rabi, kuɗin ƙasarsu, kamfanin ne ya biya fiye da rabi. Duk da haka ba a cire ragar ba sai da aka auna kifi shekara uku a jere aka ga gubar ta sauka ƙasa da ƙa'ida. A 1997 gwamnan Kumamoto ya yi shelar cewa kifin ya ciwu, aka cire raga bayan shekara 23. Daga rahoton likita zuwa wannan rana shekara 41 ke nan.

A kan filin nan an yi wurin shaƙatawa, da itatuwa da filin wasa. Amma zaibar tana nan ƙarƙashinsa. Ba a kashe ta ba, ɗaure ta aka yi. Katangar ƙarfe kuwa tana tsatsa, saboda haka tilas a riƙa duba ta, 'ya'ya su gada daga iyaye.

Waɗansu ƙasashe ma suna fama da irin wannan. A Rotterdam ta ƙasar Holan, babbar tashar jiragen ruwa ta Turai, tilas a yi ta yasa kullum don jirage su sami hanya. A 1987 suka buɗe wani ƙaton rami mai ganuwa a bakin teku, musamman don ajiye laka mai guba, mai tsabtar kuwa a mai da ita teku. A Hamburg ta Jamus suna da ma'aikatar da ke raba yashi da laka mai laushi, tun da gubar a jikin mai laushin ta ke. Yashin a yi aiki da shi, lakar a matse ta a binne. A Sydney ta Ostireliya kuwa, a 2006 aka hana kamun kifi na sayarwa a tashar birnin, saboda gubar da wata masana'anta ta bari cikin laka, ko da ya ke an daɗe da rufe masana'antar.

Ina ruwanmu da wannan?

Na san wani yana cewa, mu da ba mu da teku, me ya kawo mana labarin Japan? To, ɗan'uwa, laka ba ta san teku ba, ba ta san tafki ba. Duk inda ruwa ya tsaya, nan ta ke kwantawa: kududdufin bayan gari, da madatsar ruwa, da gurbin kogi da rani. Zaiba kuma ta iso ƙauyukanmu, gama da ita masu haƙar zinariya ke kama zinariya daga garin dutse. Su wanke a bakin ruwa, ragowar ta nutse.

Mun kuma riga mun ɗanɗana irin wannan masifa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen zinariyar da a ke haƙowa yana da dalma da yawa, aka riƙa kawo shi cikin gida ana daka ana niƙa, ana wankewa a kududdufai. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo aunawa sun sami dalma mai yawa a kududdufan ƙauyukan. Hanyar dalma dabam ce da ta zaiba, ita ta ƙura da ƙasa ta fi shiga jiki. Amma maganin wurin iri ɗaya ne da na Minamata. Aka fid da niƙan dutse daga cikin gari, aka kankare ƙasar sama ta gidaje, aka kai ta rami aka binne, aka zuba sabuwa. Likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières kuma suka ce maganin fid da dalma ba shi da amfani ga yaron da zai koma ya zauna kan ƙasa mai guba, sai an gyara gidan tukuna. Garin Bagega bai sami nasa gyaran ba sai 2013. A 2015 kuma irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Saboda abin da ya sami Minamata ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage aiki da zaiba, suka sa mata sunan garin. An sa hannu a Kumamoto a 2013, ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma tana cikinta. Amma yarjejeniya a takarda ba ta tsare kududdufin ƙauye. Mutanen ƙauye ne za su tsare shi.

Abin da ya kamata ku yi

Na ɗaya, kada a wanke dutsen zinariya, ko a fasa tsohon batir, ko a zubar da ruwan rini da na jima, a ruwan da mutane ke sha, ko dabbobi, ko inda a ke su. A keɓe wa wannan aiki wuri nesa da gari. Kada kuma a ƙona zaiba cikin gida, hayaƙinta guba ne.

Na biyu, in an taɓa yin irin wannan aiki a wani kududdufi, kada ku ɗebi lakarsa don yin tubali ko yaɓe, kada ku kai ta gona da sunan taki. In ya ƙafe da rani, ku hana yara wasa a ciki. Busasshiyar laka ƙura ce, ƙura kuwa tana shiga hanci da baki.

Na uku, kada samarin gari su tashi da gayya su yashe irin wannan wuri da kansu. Niyyar mai kyau ce, amma za su tayar da abin da ke kwance, su kuma jibge shi a bakin hanya. A gaya wa mai gari, shi kuma ya sanar da duba-gari da hukuma, a zo a auna tukuna, a san inda za a binne.

Na huɗu, maganar kifi. Kada wani ya ce na hana cin kifi. Kifi abinci ne mai kyau ƙwarai, yana gina jikin yaro, yana ƙara wa mai ciki ƙarfi. Abin lura shi ne ruwan da ya fito. In ruwan yana kusa da wurin wankin zinariya ko lambatun masana'anta, to, mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su guji manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, kamar giwan ruwa da tsage, da tsohuwar tarwaɗa mai kwana cikin taɓo. Ƙananan kifaye da karfasa sun fi sauƙin haɗari. In hukuma ta kafa allo ta ce kada a yi su a wuri kaza, masunta ku bi, ku kuma nemi a duba halin da za ku shiga. 'Yan'uwanmu da ke zaune a garuruwan bakin teku su ma su kiyaye da kifin da aka kama a bakin lambatu ko cikin tashar jiragen ruwa.

Na biyar, ku lura da dabbobi. In kifi ya riƙa mutuwa ba dalili, ko kyanwoyi da kaji da agwagi suka riƙa tangaɗi suna faɗuwa, kada ku yi shiru. A Minamata kyanwoyi sun riga mutane da shekaru. A Zamfara ma an ga agwagi suna mutuwa kafin a gane abin da ke kashe yara.

Na shida, in mutum ya ji hannu da ƙafa suna mutuwa, ko ganinsa ya ƙuntata, ko yaro ya riƙa shiɗewa ba tare da zazzaɓi ba, a kawo shi ɗakin magani da wuri. Waɗansu cututtuka ma suna kawo irin waɗannan alamu, kamar ciwon suga da kuturta, saboda haka aunawa ce za ta raba gardama. Ku gaya wa malamin asibiti gaskiya: sana'ar da a ke yi a gidan, da ruwan da ku ke sha, da inda kifinku ke fitowa, da ko akwai wani mai irin ciwon a unguwa. Kada ku ɓoye don tsoron a hana ku sana'a. Kada kuma a ce iska ce ko sammu a zauna gida ana turare, lokaci yana wucewa. Ƙwaƙwalwar da guba ta riga ta ɓata ba ta komawa yadda ta ke, amma in an gane da wuri ana tsai da ɓarnar, a kuma ceci sauran yaran gidan. Wanda ya kamu kuwa kada a guje shi, ba a ɗaukar wannan ciwo a wurin mutum.

Jama'a, zubawar ba ta da wuya, lambatu ɗaya ya isa. Kwashewar ce ta ci wa mutanen Japan shekara 13 da dukiya mai yawa, ga su kuwa da injuna da masana. Mu da ba mu da irin wannan ƙarfi, abin da ya fi mana shi ne kada mu bari gubar ta shiga ruwan tun farko. Wanda ya ji wannan magana ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman masunta, da masu haƙar zinariya, da matan da ke cikin gida.

Allah ya kiyashe mu, ya raya mana zuriya.